Kada Tsohuwa Ta Sha Ruwa

Jega,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga Na-Hanya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka Kulu da jiki, ina roƙon Allah Ya sa kun isa Maiyama lafiya, kun kuma tarar ɗakin da aka kama muku ba ya yoyo. Mu nan lafiya lau muke, sai kewar ƙarar mota da safe. Innarka ta ce gidan ya yi shiru kamar an yi mana sata. Na ce mata ai satar aka yi, kuma ni da hannuna na miƙa wa ɓarawon makulli.

Ranar da za ku tashi na tsaya a ƙofar gida da magana cike da bakina, amma abin da ya fito shi ne "a sauka lafiya" kawai. Ka san halinmu. Kai ne ɗan fari, tun kana ƙarami ban saba zaunar da kai in yi ta zuba ba, ko sunanka na yanka ban taɓa kira a gaban mutane ba. To takarda ba ta da idon da zan ji nauyinsa. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, ga idon ma ya gaji, wanda shi ya sa na sauka daga sitiyari na bar maka.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Kulu za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Tungar Gawo, watanta kuma zai kama tsakiyar damina. Ka san hanyar: ka bar kwalta, ka ratsa fadama, ka tsallake rafi. In ruwa ya zauna, babu motar da ke shiga can sai irin tamu mai ja da ƙafa huɗu. In Allah Ya kawo abin da sauƙi a gida, alhamdu lillahi. In kuwa ungozoma ta ce a tafi asibiti, babu abin hawa a tungar nan sai jif ɗin da na ba ka, wadda duk tashar Jega ke kira Tsohuwa. Abu ɗaya nake so: ranar da aka ce maka "ɗauko mota", ka murɗa makulli ta tashi, ta kuma kai ku ba ta tsaya a hanya ba.

Injinta ba ya ba ni tsoro. Ta tsufa, har yanzu lambar Sakkwato ce a goshinta ko da an ba mu jiharmu, amma zuciyarta lafiya take. Duk ranar da ta kunyata ni a rayuwa, abu ɗaya ne, ruwa a cikin tanki. Tsohuwa za ta ratsa taɓo har ciki ba ta ce uffan ba, amma ka bar ɗan ruwan da bai cika kofin shayi ba ya shiga cikin manta, sai ta zauna maka. Ruwa ya fi fetur nauyi, ba sa haɗuwa, sai ya gangara ƙasa ya kwanta shiru, wurin da bututu ke zuƙar mai. A kan kwalta ma yana iya yi maka kawaici. Sai ka shiga gargada ko ka kama hawa, a wurin da babu gareji babu inuwa, sannan zai taso. Za ta yi tari, ta fizge ka, ta yi kamar za ta farfaɗo, ta mutu. Kuma duk lokacin da hakan ta faru da ni, in na bi sawu, sai in tarar ni na buɗe wa ruwan ƙofa.

Bari in fara da murfi. Wata shekara, ƙarshen kakar albasa, na sha mai a Aliero na aje murfin tanki a kan mota ina ciniki da masu buhuna, na ja na tafi. Da na farga, sai na sami totuwar masara na naɗe ta da tsumma na cusa, na ce gobe in sayi wani. Goben nan ta yi ta tafiya har ruwan fari ya sauka. Ni a tunanina bakin a toshe yake. Ashe tsumma lagwani ne, yana shan ruwa daga waje yana ɗiga shi ciki. Rannan aka ɗauko ni daga Jandutsi in kai wani bawan Allah da ya faɗo daga bishiya wurin masu ɗori a Aliero, cinyarsa a karye. Muna tafe Tsohuwa ta fara fizga, duk fizga ɗaya sai mutumin ya yi salati da ƙarfi. Muna hango garin ta mutu murus. Sai ƙyauren ƙofa aka aro aka ɗora shi, 'yan'uwansa suka ɗauka a ka. Da za su wuce ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Direba, ƙahwata guda ta karye, amma ko hakanan na hi motakka sauri." Ya warke, yana nan da ransa, kuma har yau in mun gamu a kasuwa ba ya tambayata iyali, sai ya ce, "Ina tsumma?"

Saboda haka ka ga sarƙa a jikin murfin. Ni na sa ta, kada ka cire don tana ƙara. Duk wanda ya zuba maka mai ya rufe, ka kai hannunka ka sake murɗawa. Ka riƙa juya murfin kana duba robar da ke cikinsa, in ta tsage ko ta bushe ka sauya ta, don murfin da robarsa ta mutu ado ne kawai. Akwai wani murfin a akwatin sifanu, na ajiye ne don irin ranar Aliero.

Sai kuma son a gani, wanda ka gada a wurina, kada ka yi musu. Jajibirin wata Sallah duk direbobin tasha muka gangara gulbi wankin mota. Ni da nake so tawa ta fi ta kowa ƙyalli, na tura ta da baya cikin ruwa har ya rufe rabin ƙafafunta, na yi ta sheƙa mata bokiti ta ko'ina, har gefen da bakin tanki yake. Na riga na yi wa dattawan unguwa alkawarin kai su Idi. Da safe suka shiga da manyan riguna sai ƙamshin turare ke tashi. Ba mu fita unguwa ba ta fara tari. Ƙarshenta dattawan nan ne suka naɗe hannayen rigunansu suka tura ta gefen hanya, suka ƙarasa a ƙasa, ni ina biye da su a baya kamar wanda aka kamo. In za ka wanke ta, ka tsaya a tudu, ka ɗebo ruwan ka kawo. Wurin murfi kuwa tsumma mai laima ya isa, kada ka zuba. Motar da ta yi dauɗa tana kai mutum gida.

Wannan ya kawo ni ga rafin Tungar Gawo. Tanki yana da hanci, wani ɗan siririn tiyo da yake shaƙar iska ta cikinsa yayin da mai ke raguwa. In hancin nan ya nutse, ruwa zai shaƙa, musamman in tankin ya ɗauki zafi ya faɗa cikin sanyi. Tun tuni na sa Garba bakanike ya ja shi sama ya ɗaure a bayan kujera ta waje. Ka leƙa ka gan shi da idonka, ka san inda yake, ka riƙa duba ko ya zame ko ya tsage. In ka iso rafi kuma, ka sauka ka naɗe wando ka shiga da ƙafarka tukuna. In ruwan ya wuce gwiwa ko yana jan ƙafa, ka jira, irin wannan rafin ba ya daɗewa a cike. Masu cewa "direba taka mana, ai jiya ma an wuce" ba su za su kwanta ƙarƙashinta ba. In ka shiga, ka sa ƙaramar giya ka tafi a hankali ba tsayawa. In kun haye, da zarar ka sami wuri, ka bar ta ta huta, ka sa kwano a ƙasan tanki, ka sassauta notin da ke can ƙasa kaɗan. In akwai ruwa shi zai fara fitowa. Da ka ga fetur zalla sai ka ɗaure. Kada mai taba ya matso, kada a kawo fitila.

Labari na uku shi ya fi ba ni kunya, don har na zargi mutane. Wani lokacin sanyi na tare a fadamar Dangamaji ina fito da albasa daga gonaki zuwa bakin hanya. Can nake kwana. Kullum ɗan man da zai yi mini aikin yini nake zubawa, tankin kusan wofi yake kwana. Ba damina ba, ba rafi, murfi lafiya, amma duk 'yan kwanaki sai in tsiyaye ruwa. Na ce ai shi ke nan, wani mai baƙin ciki ne ke bi na yana zuba mini. Na daina amsa gaisuwar wani direba da muke lodi tare, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Har laya na karɓo na ɗaura a wuyan tanki.

Da na kai ta wurin Garba ya ga layar, sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Ya ce, "Wagga laya taka ta hana maƙiyi, amma ba ta hana raɓa." Na ce raɓa ta ina, abu a rufe? Ya ce, "In anka ruhe tuwo da zahi anka bar shi ya kwana, mi kaka gani ga marhi da sahe? To haka tankinka shika yi. Da rana shi yi zahi, da dare shi yi sanyi, iskan da ac ciki ta zama ruwa. Cika shi da mai, iska ta rasa wurin zama." Na koma na nemi direban nan na ba shi haƙuri, ya ce shi bai ma san muna faɗa ba.

Don haka kada ka bar ta ta kwana da yunwa, balle a fadama, balle da damina da iska ke ɗauke da laima. In za ka sha mai, ka sha da yamma kafin ka aje ta. Na san yadda mai ya yi wuya yanzu, na san layin gidan mai. In cikawa ta gagara, to ka yawaita sassauta notin nan da safe kafin ka tashe ta, lokacin ruwan ya kwanta. In ka tarar tankar mai tana sauke kaya a gidan mai, ka ɗan dakata, don lokacin ne duk abin da ya kwanta a ƙasan rijiyarsu ke tasowa. Na 'yan bumburutu kuwa, in dole ta sa, kada ka yarda a juye maka gindin jarka.

Maganar jarka ta tuna mini innarka. Wata rana ta ga jarkar maina a tsakar gida ta yi baƙi ƙirin, ta ɗauka ta wanke ta tas ciki da waje da sabulu, ta rufe ta aje mini. Ni kuma na ɗauka na kai aka cika. Da na juye wa Tsohuwa ta zauna mini a hanya, na dawo ina faɗa, ta ce, "To ni mi nis sani? Na ga abu da dauɗa na wanke. Gobe in na ga rigakka ma sai in bar ta." Gaskiyarta. Ni ne na aje jarkar mai kusa da ta ruwa, iri ɗaya, babu alama. Jarkokin da na ba ka na shafa musu jan fenti. Ka nuna wa Kulu, don na lura ita ma mai tsabta ce, ka ce mata waɗannan dauɗarsu ita ce lafiyarsu. Kada kuma ka ara wa masu injin ban ruwa, da jarka ɗaya suke ɗura wa injin mai su kuma ɗebo masa ruwa.

Yanzu na zo ga wanda saboda shi na ɗauki biro. Shi ne na farko a shekaru, na bar shi ƙarshe ne don in tara ƙarfin hali. Ka sha jin yadda aka haife ka a hanya, amma daga bakin gwaggwanninka ka ji, masu ba da shi da dariya. Ga yadda yake daga inda nake kwance.

Lokacin Tsohuwa amarya ce, ta maigidana ce wanda ya koya mini tuƙi, ni ina ja masa. Innarka tana goyon ciki a Kimba gidan kakanka Malam, da damina, mai kuma ya yi wuya kamar yanzu. Da hantsi aka aiko mini Jega cewa tun jiya take fama, ungozoma ta ce a kai ta asibiti. Na taho da ɗan man da ke ciki, wanda da ƙyar zai mayar da mu. Ina isa, Malam ya fito ya kama hannuna, abin da bai taɓa yi ba, ya zagaya da ni bayan zaure. Ya yaye wata tsohuwar tabarma, sai ga durom a tsaye. Malam ba shi da mota, ba shi da babur. Ya ce, "Ɗana, tun bazara nis sayo shi ga wani mai lori, nib boye, don wagga rana. Ban gaya ma kowa ba."

Na dubi durom ɗin. A tsaye yake daidai inda indararo ke zuba. Samansa ya yi tsatsa, ga ruwa kwance ya kewaye murfi, har gansakuka ta fito. Durom in yana tsaye a waje, rana ta gasa shi, ruwan sama ya sanyaya shi, yakan zuƙi ruwan da ya taru a kansa ta gefen murfi komai ɗaurinsa. Na san wannan, maigidana ya koya mini. Na kuma san abin da ya kamata: a ɗiba a farar kwalba a duba, a zuƙi na sama da tiyo, a bar na ƙasa.

Amma ina tsugune gaban surukina. Mutanen gari sun taru. Dattijon nan ya hana kansa abubuwa ya sayi man nan, ya yi watanni yana gadinsa, fuskarsa cike da farin cikin cewa yau ya yi wa 'yarsa rana. Ta yaya zan buɗe baki in ce, Baba, dakata in duba ko kyautarka tana da kyau? Ni da ko idonsa ba na iya kallo, ko abinci ba na ci a gidansa. Ya ce wa samari, "A tsiyaye shi duka, kada a rage ko ɗigo." Suka karkata durom suka juye har gindi, ni ina riƙe da mazurari da hannuna. Abin da na ce shi ne, Allah Ya saka da alheri, Baba.

Aka shimfiɗa wa innarka katifa a baya, ungozoma da wata gwaggonta suka shiga. Mun bar gari, mun gangara fadama lafiya, har na fara cewa a raina ƙila Allah Ya rufa asiri. Muna kama hawan fita ta yi tari. Ta fizga, innarka ta yi ƙara, motar ta mutu. Babu gida kusa, babu mota, sai wasu mata can cikin shinkafa suna cirar ciyawa. Su suka rugo, suka sauko da ita gindin wata kanya, suka kewaye ta da zannuwansu. Wata tsohuwa a cikinsu ta juye abincinta a ganye ta miƙo mini kwanon, ta ce, "Kai je ka yi naka aiki, nan ba wurinka ba na."

Na shiga ƙarƙashin mota da sifana. Sai da na yi ta fama kafin noti ya kamu. Da ya buɗe, ruwa ne ya fito, ja da tsatsa, yana bin hannun rigata har hammata. Ina cika kwano ina zubarwa, ina jin muryarta daga gindin kanya, tana ƙarfi, tana raguwa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kafinta ko bayanta. Ina nan kwance a cikin taɓo na ji kukanka. Na so in yi murna, amma ban ji guɗa ba, sai na ji matan sun yi shiru, sannan ungozoma ta ɗaga murya ta ce jini ya ƙi tsayawa. Sai da na tsiyaye tanki, na kwance kafireto, inda mai ke taruwa kafin ya shiga inji, na zubar da abin da ke ciki, na busa bututu da bakina, sannan Tsohuwa ta yarda ta tashi. Rana ta yi sanyi kafin mu shiga Jega. Innarka ba ta san an sauke ta ba. Ta daɗe a kwance, ta daɗe ba ta koma daidai ba. Tsohuwar mai kwano ita ta fara ce maka Na-Hanya, sunan ya bi ka.

Bayan suna Malam ya aiko in zo. Na tsuguna a zaure, mu biyu kaɗai. Ya ce, "An ce mani ruwa na cikin man." Na ce haka ne. Ya ce, "Ka ga alama tun nan, ko ba ka gani ba?" Na fara kame-kame. Ya sake tambaya. Na ce na gani, Baba. Ya ce, "Mi ah hana ka hwaɗi?" Na ce kunya. Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Ni ban san mai ba, kai ka san shi. Ni nis sayo shi don ɗiyata ta rayu, ba don a gode mani ba. Kunyakka ta kusa kashe mani ita." Bai ɗaga murya ba, da ma ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Sannan ya shiga gida ya fito da wata farar kwalba ya aje a gabana. Ya ce, "Daga yau, ko wa ab ba ka mai, ko ni na, sai ya shiga nan ka duba. Wanda yaj ji haushi, ka ce mashi dokar tsohon Kimba ta."

Kwalbar tana ƙarƙashin kujerarka, naɗe cikin tsohuwar hula. Na san ka gan ta, na kuma san ka yi niyyar jefarwa, don na ji ka kana cewa tarkacen Baba sun cika mota. Kada ka jefar. Ka zuba mai a cikinta ka aje ta a wuri mai daidai, ka jira kamar tsawon alwala, ka ɗaga ta ga haske. In akwai ruwa za ka gan shi a ƙasa, ko ya kwanta da layi tsakaninsa da mai, ko ya yi 'yan ƙwallaye. In man ya yi hazo bai washe ba, shi ma kada ka yarda da shi. Kada ka wanke ta da ruwa, ka ɗauraye ta da mai. Ba ta kare ni daga tsumma da gulbi da raɓa da jarkar innarka ba, waɗannan ta wasu ƙofofin suka shigo, amma tun daga ranar ban sake zuba wa Tsohuwa man da wani ya ba ni ban duba ba.

Ka san abin da ya sa nake gaya maka duk wannan? Ranar da muka je Tungar Gawo nema maka aure, kafin in zauna a tabarmar da aka shimfiɗa mana, idona ya sauka bayan rumbun Alhaji, mahaifin Kulu. Duromomin man injin ban ruwansa ne a jere, a tsaye, a fili. Yanzu an gama noman rani, ragowar man yana ciki, damina za ta same su a nan. Alhaji kuwa mutum ne mai hannu a buɗe, yana son 'yarsa, yana son ka. Na rantse ranar da aka ce a ɗauko mota, zai kama hannunka ya zagaya da kai bayan rumbu. Kai kuma na san ka. Kunyarka ta fi tawa, a gabansa ko tari ba ka iya yi.

To kada ka jira ranar. Ka je yanzu da babu gaggawa, babu taron mutane. Ka tsuguna ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ba shi labarin kakanka da kwalba, duk dattijo zai gane dattijo. Ka roƙe shi a mayar da duromomin ƙarƙashin rumfa a kwantar da su a kan itace, ka kama da hannunka a yi. In ya ba ka mai, ka karɓa da hannu biyu, ka zuƙi na sama da tiyo kada ya taɓa ƙasa, ka duba a kwalba a gabansa ba a ɓoye ba. In bakinka ya yi nauyi, ka ɗora mini, ka ce tsohonka mai fitina ne, ya sa ka yi alkawari. Ni na yarda a ce mini mai fitina daga nan har Maiyama. Idan watan ya kama, ka cika tanki, ka cika jar jarka ɗaya da man da ka duba ka ɗaure bakinta, kada ka taɓa ta don kasuwa ko biki. Ka riƙa kwana da motar a tsallaken rafi, ɓangaren tungar, ko da a zauren wani za ka raɓa. Girmama suruki wajibi ne, ni na koya maka, amma ranar nan abin da Alhaji zai so a wurinka shi ne 'yarsa da ranta.

Tun da na fara rubutun nan innarka ke zaune nesa tana tsintar shinkafa, wai ita ba ruwanta. Ka san ba ta taɓa aiko maka da saƙo ba, ko a gida ta bakin ƙannenka take magana da kai. Ɗazu ba ta ɗago kai ba ta ce, "Wa kaka rubuta ma wagga doguwar takarda?" Na ce mai motar nan. Ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, "Ka ce mashi na hanya guda ya isa gidanga. Wanga shi zo bisa gado." Sai ta tashi ta shiga ɗaki ta bar shinkafar ga kaji.

Allah Ya tsare ka a tudu da fadama, Ya tsare waɗanda za ka ɗauka. Allah Ya raba Kulu da abin da ke jikinta lafiya, Ya sa a gida za a yi, motar ma ba a neme ta ba. In kuwa an neme ta, Allah Ya sa ta tashi, Ya sa ta kai. Ka gaida Alhaji da mutanen gidansa. Ina alfahari da kai, ko da ban taɓa faɗa ba. Allah Ya sa kukan farko ya same ka a tsaye da ƙafafunka a ƙofar ɗaki, ba a kwance ƙarƙashin mota ba.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Umaru Direba.